Gurbin da Ke Bayan Dutsen Rejeb Usta

Duk wanda ya san Filin Kibiya da ke kan tudu a saman unguwar Kasimpasha ta Istambul ya san Dursun mai gurasa, ya kuma san ciwonsa. Mutum ne da Allah Ya ba kafaɗa, Ya ba shi idon karanta iska, ga baka na ƙaho da jijiya wanda ko jarumin fada zai yi sha'awa. Amma idan ya zo sakin tsarkiya sai hannunsa na dama ya ci amanarsa. Maimakon hannun ya fizge baya, sai ya ɗan bi tsarkiyar gaba, abin da bai fi faɗin ƙwayar alkama ba, sannan ya saki. Wannan ɗan abin ne ke sa kibiyarsa ta tashi tana kaɗa wutsiya, ta je ta faɗi gab da dutsen malaminsa, Rejeb Usta. Ba ta taɓa wuce shi ba.

A filin nan ba wani abu ake nufa da kibiya ba, nisa ake nema. Wanda ya wuce kowa a kan wata iska, sai a kafa masa farin dutse a inda kibiyarsa ta sauka, a sassaƙa sunansa. A layin iskar arewa, dutsen ƙarshe na Rejeb Usta ne, bayansa sai ƙaya da ciyawa. Ba a kuma lissafa harbi sai ranar da iskar ta zo daidai, Shaihun fili, shugaban maharba, ya jefa ƙyallen siliki sama ya ga inda ya nufa, shaidu sun tsaya can ƙarshen layi. Idan kibiya ta wuce dutsen ƙarshe, sai su ɗaga farin rawani don a gani daga nesa.

Babba a cikin shaidun nan shi ne Shaban Mai Sanƙo, wanda bakinsa ba ya hutawa ko a wurin jana'iza. Duk ranar da ya dawo wa Dursun da kibiyarsa sai ya miƙa masa ita da hannu biyu ya ce, "Karɓi 'yarka, ta fi ka tarbiyya. Tana isa gaban Usta ta durƙusa ta gaishe shi."

Maharba su fashe da dariya, Dursun ma ya taya su. Sai dai dariyarsa ba ta wuce haƙora, don Shaban gaskiya yake faɗi bai sani ba.

Ga yadda abin ya faro. Lokacin da Dursun yake saurayi, gemunsa baƙi wuluk, ba a taɓa ganin saki irin nasa a filin ba. Tsarkiyarsa tana barin babban yatsa da ƙara guda, tas, ba gogayya. Kowa ya san dutsen Rejeb Usta ya kusa samun maƙwabci a bayansa. A shekarar ne annoba ta shiga unguwa ta ɗauke wa Usta ɗansa tilo, matarsa kuma ta bi bayan ɗan kafin sanyi ya wuce. Daga nan Dursun ya fara ganin malaminsa kowace safiya can ƙarshen fili, a tsugune wajen dutsensa, yana cire ƙaya yana share ƙasa da tafin hannu. Sai tausayi ya kama shi. Ya ce a ransa, wannan bawan Allah ba abin da ya rage masa a duniya sai dutsen nan, ni kuma da ya koya wa riƙon baka ni zan zo in mai da shi na biyu? Wallahi ba da hannuna ba.

Da iskar arewa ta zo a wannan kaka, ya ja baka har kunne, ya yi kiran "Ya Haƙƙu!" kamar yadda ake yi, sannan da gangan ya bar hannunsa ya ɗan bi tsarkiya gaba. Kibiya ta faɗi kafin dutse. Ya je ya sumbaci hannun Usta ya ɗora a goshinsa, yana jin kansa a matsayin ɗan halak. Kaka ta zagayo ya sake yi. Ya ce sai tsohon ya warware tukuna. To, hannu ba ya tambayar dalili, abin da aka maimaita masa shi yake riƙewa. Kafin Dursun ya ankara, abin da yake yi ranar shaidu ya fara bin sa ranakun gwaji, har ya zama ko baka mara nauyi ya ja, hannun sai ya yi wannan ɗan sunkuyo.

Rejeb Usta ya yi iya yinsa. Ya sauya masa zoben babban yatsa da ake jan tsarkiya da shi, daga na ƙaho zuwa na haure. Ya sauya masa tsayuwa. Ya ɗaure masa gwiwar hannu da igiya, ya yi faɗa, ya yi lallashi, har jifansa ya taɓa yi da takalmi. Dursun yana cewa, "To, Usta. In sha Allahu, Usta," yana komawa kan abinsa. A ƙarshe tsohon ya daina magana. Bai kuma sake karɓar ɗan koyo ko ɗaya ba, mutane suka ce baƙin cikin rashin iyali ne, Dursun ma haka ya ɗauka.

Shekaru suka ja. Gemun Dursun ya yi furfura, idanun Rejeb Usta suka yi yana har suka rufe gaba ɗaya. Kowace safiya idan gurasar farko ta fito daga tanderu, Dursun yakan naɗe guda biyu a ƙyalle ya kai wa malaminsa a ɗakinsa da ke jikin masaukin maharba, ya haɗa masa da zaitun da ɗan cuku. Wata safiya ta bazara ya iske shi yana huci, ya juya wa ƙofa baya.

"Lafiya, Usta?"

"Ina lafiya? Shaihun fili ne ya zo ya dame ni. Wai ko ban gani ba ina ji, in karɓi samari biyu in gyara musu saki. Na ce ya nemi wani."

Dursun ya ajiye gurasa ya zauna a kan dugadugansa. "Ai da ka karɓa, Usta. Zaman kaɗaicin nan ba ya yi maka kyau. Kuma wa ya kai ka sanin saki a duk Istambul?"

"Kai ne za ka tambaye ni wannan?" Tsohon ya juyo da fuskarsa inda muryar take. "Kai da kake yawo da shaidar aikina a hannunka? An kawo mini hannu mafi kyau da na taɓa gani, na lalata shi. Har yau ban san me na faɗa maka ba, ban san a wace rana na faɗa ba. Na bi duk abin da na koya maka ɗaya bayan ɗaya, na rasa inda na karkace. Sai in karɓi 'ya'yan mutane in sake ɓata su? A'a. Ɗaya ya isa in amsa tambayarsa gaban Allah."

Dursun ya ji kamar an zare masa ƙasa. "Ashe ba don rasuwar... ba don iyalinka ka daina ba?"

"Iyalina Allah Ya karɓi abinSa, na yi kuka na haƙura. Kai ne ban haƙura ba. Na gaji da share maka wuri har gwiwoyina suka ƙi."

"Wane wuri, Usta?"

"Wane wuri kuma? Bayan dutsena mana, inda naka zai tsaya. Ko kana tsammanin dutse nake yi wa wanka kullum safiya? Dutse me zai yi da shara? Bayan na binne yarona, abin da ke fitar da ni daga ɗaki ke nan. Ina cewa ai saura Dursun, bari in gyara masa gurbi kada masu kafa dutse su zo su iske ƙaya."

Kai, jama'a! Ashe nisa ne ya cuci Dursun. Daga inda maharba ke tsayawa ba ka bambance wanda ya tsuguna gaban dutse da wanda ya tsuguna bayansa. Taku kaɗan ne tsakani, kuma bai taɓa takawa ya je ya duba ba, wai shi mai kunyar malami.

Gurasa tana hucewa a tsakaninsu. Sannan Dursun ya faɗa, ya faɗi duka, tun daga safiyar da ya hango shi a tsugune har zuwa ranar da ya fara barin hannunsa ya bi tsarkiya.

Rejeb Usta bai yi ihu ba da farko. Ya laluba gefensa, hannunsa ya faɗa kan gurasa, ya ɗauka ya wurga. Ta sami Dursun a ƙirji.

"Jaki! Ɗan jaki! Tausayina ka ji? Wa ya aike ka? Nawa malamin da na wuce dutsensa, rungume ni ya yi a tsakiyar fili, ya yanka rago, ya ciyar da unguwa shinkafa. Malamin da dutsensa ya zama na ƙarshe ai bai koyar da kowa komai ba, ya dai yi harbi ya mutu. Haka ka mai da ni, kana kawo mini gurasa kullum kana sumbatar hannuna!"

"Ka yafe mini, Usta."

"Ban yafe ba. Je ka wuce shi, sannan ka zo mu yi maganar yafiya. Tunda da gangan kake yi, sai ka daina."

"Na gwada dainawa ni kaɗai, ranakun da ba kowa a fili," in ji Dursun yana kallon ƙasa. "Ba ya dainuwa."

Tsohon ya miƙo hannu. Can ya ce, "Miƙo mini gurasar nan, ba ita ta yi laifi ba. Gobe ka zo da sassafe. Kada ka zo da bakanka."

Washegari maharba suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Dursun mai gurasa, da furfurarsa da tumbinsa, yana tsaye a rumfar 'yan koyo riƙe da sakakken bakan nan da ake ba sabon shiga, wanda ko tsohuwa za ta ja. Shaban Mai Sanƙo ya zo wucewa ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Ikon Allah! Dursun, an sake haihuwarka ne ba a gayyace mu suna ba? Usta, in ya yi ƙoƙari a saya masa alewa."

"Wuce ka ba mu wuri, kai da kanka ke haska wa jiragen ruwa hanya," in ji Rejeb Usta. Rabon da a ji shi ya yi wa wani ba'a har an manta.

Tsohon yakan tsaya a bayan Dursun, ya buɗe tafin hannunsa dab da gwiwar hannun dama. "Ja. Kada ka ja da yatsa, yatsa ƙugiya ce kawai, da baya ake ja. Hannun hagu yana tura baka kamar kana tura ƙofar da ta ƙi buɗuwa. Yanzu kada ka yi tunanin saki. Ci gaba da ja, ka bar tsarkiya ta ƙwace da kanta. In ka yi daidai gwiwarka za ta mari tafina. To, bismilla."

Dursun ya saki. Gwiwar ba ta taɓa komai ba.

"Sake."

Haka suka cinye bazara. Daga ja ba kibiya suka koma harbin buhun angurya da aka rataye a ƙarshen rumfa. Usta ya sa shi ya rufe ido. Ya sa shi ya riƙa karanta Fatiha da ƙarfi yana ja, don hankalinsa ya bar yatsan. Wata rana ya sa shi ya lissafa masa masu sayen gurasarsa gida gida, yana cikin faɗin sunan wata bazawara mai ƙorafin gishiri sai gwiwarsa ta daki tafin tsohon, tas!

"Ka ji?" in ji Usta.

"Na ji."

"To Allah Ya yi wa bazawarar nan albarka. Sake."

Ya sake, hannun ya koma gidan jiya. Amma daga ranar sai marin ya riƙa zuwa, yau sau ɗaya, gobe ba ko ɗaya, jibi a jere. Dursun yana komawa gida kafaɗarsa tana zogi, matarsa Nefise tana shafa masa man zaitun mai ɗumi tana mita. "Mutum da jikoki yana wasan samari. Wannan kafaɗar da ita muke ci, ka sani ko?" Ya sani. Abin da bai gaya mata ba shi ne ranar da ya koma kan babban bakansa, sai da ya yi nishi kafin tsarkiya ta iso kunne, abin da a da yake yi yana hira.

Shi kuma Usta yana ta raguwa. Tari ya kama shi tun tsakiyar zafi, tsayuwa ta fara gagararsa, sai aka riƙa ajiye masa kujera a bayan Dursun yana ɗaga hannu daga zaune. Bai taɓa cewa lokaci na ƙurewa ba. Sai dai kowace safiya kafin ya amsa gaisuwa yakan juya kuncinsa wajen ƙofa ya ce, "Yau daga ina take busowa?"

Kaka ta shigo da iskar kudu mai ɗumi da ciwon kai, ta zauna ta ƙi tafiya. Dursun ya fara jin tsoron tsohon zai riga iskar tafiya. Sai wata safiya yana fito da gurasa daga tanderu ya ji sanyi ya daki ƙeyarsa ta tagar arewa. Ya bar wa Nefise shagon ko alkyabba bai tsaya ɗauka ba.

Kafin hantsi fili ya cika, don labari ya riga ya zaga. Shaihun fili ya jefa ƙyallen siliki, ƙyalle ya miƙe sak bisa layin. Shaban da sauran shaidu suka tafi can ƙarshe har suka koma kamar ƙudaje. Aka ɗauko Rejeb Usta a kujerarsa, an lulluɓe shi da bargo, aka ajiye shi kusa da dutsen da maharbi ke sa ƙafa.

Dursun ya ɗana kibiyar farko. Yana ɗaga baka ya hango farin dutsen nan can nesa, sai hannun ya tuna. Kibiya ta tafi tana kaɗa wutsiya.

"Gaishe ni ka yi," in ji Usta. "Na amsa. Sake."

Ta biyu ma haka. Zufa ta jiƙa masa riga duk da sanyin. Kafaɗar ta fara rawa, ya san abin da ya rage a cikinta bai wuce ja ɗaya mai kyau ba. Sai ya ji motsi a bayansa. Tsohon ya yaye bargo ya miƙe, yana dafe da kujera da hannu ɗaya, ya buɗe ɗayan a bayan gwiwar Dursun.

"Rabu da dutse, ba ruwanka da shi. Ni za ka mara. Ka daɗe kana jin tausayina, yau ka mare ni da kyau."

Dursun ya ja. Bai kalli komai ba. Ya tura baka, ya ci gaba da ja da bayansa, ya yi kiran "Ya Haƙƙu!" kuma bai san lokacin da tsarkiya ta ƙwace ba. Ƙara guda ta yi, tas, gwiwarsa ta daki tafin tsohon har sai da ya koma kan kujera. Kibiya ta hau sama a miƙe kamar an ja zare, ta ɓace wa ido. Tsofaffin da suka san Dursun yana saurayi suka ce "Masha Allah" a tare.

Aka zuba ido can ƙarshen fili. Shaidu suka ruga wuri guda, suka sunkuya, suka daɗe a sunkuye. Sannan suka miƙe suka tsaya, hannuwansu a sake.

"Sun ɗaga?" in ji Rejeb Usta. Fuskarsa tana haske kamar ta yaro ranar Salla. "Dursun, sun ɗaga rawanin?"

Shaihun fili ya kalli Dursun, ya ɗan gyaɗa masa kai, sauran ma suka sunkuyar da ido. Dursun ya gane. Da zai ce e, babu mutum ɗaya a filin da zai ƙaryata shi, har Shaban. Tsoho ne makaho da ba zai ga wata kaka ba, me zai rage shi? Kalmar ta zo masa har kan harshe. Sai ya gane muryar da ke raɗa masa ita, ita ce dai wadda ta ce masa wancan karon ya tausaya.

"Ba su ɗaga ba, Usta."

Hasken ya sauka daga fuskar tsohon a hankali. Ya murza tafin hannunsa inda gwiwa ta daka. "Amma ka ji ƙarar."

"Na ji."

"Haka ake saki. Ban taɓa jin wanda ya fi shi ba, har nawa. Da wannan sakin ya sami kafaɗarka ta da, da sai an nemo kibiyar nan a bayan gonakin mutane." Ya yi tari ya huta. "Ka tsufa, ɗana. Abin da ya faru ke nan. Kama ni, kai ni can."

Suka taka a hankali, Dursun yana riƙe da shi, kusan ɗauke da shi. Shaban ya tare su a hanya da kibiyar a hannu. Yau ba ba'ar da ya saba, ya miƙa ta kawai. Inda ta caki ƙasa bai kai tsawon baka ba tsakaninsa da gindin dutsen.

Rejeb Usta ya shafa dutsensa sau ɗaya ya wuce shi. Ya ce a tsugunar da shi. Ya laluba ƙasa, ƙaya ta soke shi a yatsa, don wurin ya daɗe da komawa daji. Dursun ya zube a kan gwiwoyinsa yana kuka a fili ba kunya, ya fara tumɓuke ƙayar da hannu, tana yankarsa yana ci gaba. Yana tunanin samarin da tsohon ya kora shekara da shekaru, waɗanda wataƙila a cikinsu akwai wanda zai cike gurbin nan.

Tsohon ya kama wuyan hannunsa ya riƙe.

"Bar su, Dursun. Na yafe maka. Bar su haka nan, wa za mu share wa?"

Iskar arewa ta ci gaba da busawa har la'asar, amma ba wanda ya sake ɗana kibiya a ranar. Dursun ya goya malaminsa ya mai da shi ɗaki.